Ranar da Kwamfuta Ta Jiƙa Shinkafar Kurgu

A garinmu Kurgu, tun ina yaro, idan damina ta kunno kai ba a shanya komai sai an ji ta bakin Babana. Ba sarauta gare shi ba, kuma ba malami ba ne. Manomi ne da ke ɗan taɓa kamun kifi idan ruwan gulbi ya ja. Amma Allah ya ba shi idon kallon sama. Da an sallame sallar asuba sai ya hau tudun da ke gabashin gari, ya harɗe hannu a baya, ya yi ta kallon gabas kamar mai jiran baƙo. Daga nan ya sauko ya zauna a dakalin ƙofar masallaci, mutane su zo su gaishe shi su ce, "Baba, yau fa?" Amsarsa ba ta wuce kalma biyu, ko "Ku shanya," ko "Ku tattara." Da waɗannan kalmomi biyu ya tsufa da mutuncinsa, kuma ban san wani abu da ya fi ƙauna a duniya kamar zaman dakalin nan ba.

Sai aka yi wata damina da ya kuskure har sau biyu. Ya ce a shanya, ruwa ya sauka. Ba wanda ya faɗa masa magana a gaban idonsa, amma na ji matasa a teburin mai shayi suna cewa batirin tsoho ya fara sanyi. Na ji haushi ƙwarai, sai dai, Allah ya gafarta mini, a can cikin raina na yarda da su.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Tun da na sami aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma a Bagudo ya laƙaba mini Malamin Gona, kuma yadda yake jan sunan ka san ba yabo ba ne. Kullum da safe nakan hau babur in tafi aiki, in dawo bayan la'asar.

Shekarun nan ne da shari'a ta zauna da gindinta a jiharmu. An rufe gidajen giya, masu shan sun koma tsallaka iyakar Benin da sunan za su duba farashin doya. Kowane sabon abu ya shigo gari, kafin a tambayi amfaninsa sai an tambayi hukuncinsa. A cikin wannan yanayi aka kawo wa ofishinmu kwamfutar tebur, mai ƙaton ƙeya, da akwatinta a ƙasa yana gurnani. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Oga, ya sa aka ɗinka mata riga da yadi mai furanni. Ba a cire rigar sai shi yana nan, ba a kuma kunna ta sai an tada janareto, janareton kuwa sai an lallaɓa shi.

Ni aka tura Birnin Kebbi kwas na mako ɗaya, na dawo da kai ya kumbura da wani faifai a aljihu. A cikin faifan akwai manhajar da, idan ka sa ta a kwamfuta, za ta leƙa intanet ta kawo maka yanayin garinku na yau da hasashen kwana uku masu zuwa. Idan rana ce sai ta zana 'yar rana mai murmushi a kusurwar allo, idan ruwa ne ta zana gajimare da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinsa.

Intanet ɗin ne wahala. Da ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake sa wa layin waya muke kamo shi, kuma layinmu na gida ba ya ko motsi a cikin ofis. Layin Benin ne mai ɗan ƙarfi. Muka sami doguwar waya, muka ɗaure abin a kan gora, muka fito da goran ta taga muka jingina shi da bishiyar dogonyaro yana kallon yamma. Idan aka yi iska intanet ya tafi. Idan akuya ta sosa jikinta da goran, shi ke nan, aikin ranar ya ƙare.

Ranar farko manhajar ta ce in rubuta sunan garina. Na rubuta Bagudo, ta ce ba ta san shi ba. Na sake rubutawa da manyan baƙaƙe don ta san da gaske nake, ta ce har yanzu ba ta san shi ba. Oga ya fusata.

"Hedikwatar ƙaramar hukuma guda? To uban wa ta sani?"

Sai ta jero mana garuruwan da ta sani a kusa: Sakkwato, Yelwa ta Yawuri, da Kandi ta ƙasar Benin. Ba mu ɓata ko minti biyar ba. Sakkwato ta yi nisa. Yelwa kuwa, a cikinmu mu shida na ofis ba wanda ke da ko ƙanwar kaka a can. Amma Kandi? Haba! Kandi ai gida ce. Can 'yan kasuwarmu ke kai kaya, can ake sayo atamfar aure, matar Oga ta biyu ma danginta na wajen ne. Mu mutanen iyaka da kasuwa muke auna kusa da nesa. Garin da ka san mai tuwonsa shi ne kusa. Oga ya ƙara da cewa tunda layin ma na Benin ne, zai fi faɗin gaskiya a kan garinsu. Na danna Kandi, 'yar rana ta fito tana murmushi, muka leƙa taga muka ga rana ƙwal. Aka yi kabbara.

Wata uku cur injin nan bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Kullum ya ce rana, kullum a yi rana. Na riƙa bugo hasashen a takarda ina kai wa Kurgu, ina nunawa a majalisa, ina cewa ku lura da gobe. Gobe ta zo a ga rana, mutane su riƙe baki. Wallahi sai bayan shekaru ina kwance na tuna cewa watanni ukun nan rani ne. Ko jakin gidanmu aka tambaya zai ce gobe rana.

Labari ya kai kunnen Liman, dattijo mai sanyin hali amma mai bin diddigi. Ya kira ni zaurensa bayan sallar Juma'a.

"Ɗana, an ce kana da akwatin da ka hwaɗin abin da za ya hwaru gobe. Mi am marabinshi da duba?"

A lokacin kalmar duba ba abin wasa ba ce. Na yi bayanin tauraron ɗan Adam, da na'urorin auna iska, da duk abin da na iya tunawa daga kwas, na cike sauran da hannu. Liman ya saurara har na gama, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Shina cewa in Allah ya so?"

"A'a, Allah gafarta Malam, hoto kawai yake nunawa."

"To ka gani. Babanka shekara nawa shina hwaɗin ruwa, ban taɓa hana shi ba, don alama yaka dubi, kuma shi ya san mai ruwan. In akwatin bai iya ba, kai ka hwaɗa mai."

Washegari na rubuta IN ALLAH YA SO da alli mai kauri a kwali, na manna a goshin kwamfutar. Oga ya duba ya ce ya yi kyau, yanzu ta musulunta.

Da Liman ya sa albarka, sai majalisar safe ta fara sauya wuri. Mutane suka daina jiran asuba, suka koma tare ni da yamma a bakin gari, tun ban kashe babur ba. "Malamin Gona, gobe fa?" Ni kuma in zaro takarda daga aljihun gaba, in gyara murya, in ɗan yi jinkiri don a san ilimi ba a banza ake samunsa ba. Da safe idan zan wuce nakan ga Baba a dakali shi kaɗai da carbinsa, ya dawo daga tudu, ba wanda ya tambaye shi komai. Nakan ji wani abu ya soki zuciyata, amma sai in ƙara wa babur wuta. Daɗin a tare ka a hanya ya fi ƙarfina a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Baba bai taɓa ce mini uffan ba. Inna ce, mahaifiyata, ta tare ni wata rana a tsakar gida tana tankaɗe.

"Kai da akwatinka kun hana tsoho cin tuwo. Jiya ma yat taka buta yaf fasa ta, ga ta gabanai ƙiri-ƙiri. Hankalinai ba ya jikinai."

Na ce, "Inna, zamani ne." Ta bi ni da kallon da ya sa na tuna ba a daɗe da daina yi mini wanka ba.

Sai aka yanke shinkafar rani a fadama, daidai lokacin da hadari ya fara leƙowa. Kowane gida da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, tana bukatar rana biyu masu kyau kafin a ɗinke baki, in ba haka ba ta yi baƙi ta yi wari. Ranar wata Talata na duba injin, ya jero mini rana uku masu murmushi: Laraba, Alhamis, Juma'a. Na dawo gari ina ji da kaina, na tsaya a kan babur na yi shela.

"Gobe kowa ya fito da shinkafarsa. Kwana uku ba ɗigon ruwa." Sai can na tuna na ƙara, "In Allah ya so," a gurguje, kamar mai biyan tara.

Da safe filin makarantar firamare da filin idi da bakin hanya duk suka cika da tamfol da tabarmi. Kurgu ta zama ruwan gwal. Baba ya sauko daga tudu ya zauna a dakali, ba wanda ya tambaye shi, amma da zan wuce na ji ya faɗa a hankali, kamar da carbinsa yake magana, "Ku tattara." Wani matashi ya yi dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban tsaya ba.

Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ga miji ga ɗa. Sai ta raba shinkafarta biyu daidai, ta shanya rabi saboda ni, ta bar rabi a ɗaki saboda shi.

Ranar ban je ofis ba, na tsaya in ga aikina. Har azahar rana na dukan ƙasa, ina zagayawa hannu a baya, ana ta sa mini albarka. Wata tsohuwa har ta ba ni goro. Wajen ƙarfe uku iska ta ɗauke ɗif. Na waiga gabas, sai na ga wani baƙin abu ya taso daga ƙasa har sama, kamar gindin tukunya. Na ce wa na kusa da ni, "Wucewa zai yi." Ban rufe baki ba iska ta ɗaga tamfol ɗin maigari da shinkafar da komai ta kifa a kan awaki.

Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Tsofaffin da ke sallah a zaune saboda ciwon ƙafa na gan su suna tsallake kwata da buhu a ka. Mata na kwasa da zani, da kwano, da faifan tuwo. Wani ya kwanta rub da ciki a kan shinkafarsa ya baje babbar riga, wai ya kare ta. Liman da kansa ya tattare rigarsa yana jan tabarma, ya wuce ni ruwa na zuba daga rawaninsa, ya ce, "Ɗana, Allah bai so ba." Tsohuwar da ta ba ni goro ta dawo musamman cikin ruwan, ta miƙo hannu, na mayar mata da abinta.

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har kusan magariba. Shinkafar wannan ta gauraya da ta wancan ta bi kwata, agwagin gari suka yi sallah. Abin da aka ceto aka baje a ɗakuna da zaure da cikin masallaci, mako guda gari na warin tsami. Ba wanda ya rasa abincin shekara, Alhamdu lillahi, amma ba gidan da bai yi asara ba. Na shiga gida ta bayan katanga. Inna na zaune tsakanin shinkafa jiƙaƙƙiya da busasshiya, ta nuna jiƙaƙƙiyar da baki ta ce, "Ga rabonka nan."

Washegari na isa ofis da niyyar in fasa injin nan. Muka tada janareto, muka gyara gora, allo ya kawo. Me zan gani? Gajimare baƙi da ɗigo-ɗigo, har da 'yar walƙiya a gefe: ana ruwa a Kandi. Oga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ai bai yi ƙarya ba. Labarin jiya yake ba mu."

Kwana uku ina shiga gari bayan an shiga sallar magariba don kada a gan ni. An sauya mini suna daga Malamin Gona zuwa Kwana Uku. Ina jiran Baba ya yi mini dariya, ko faɗa, ko ya ce ai na gaya maka. Bai yi ko ɗaya ba, wannan ya fi duka ciwo.

Ranar kasuwar Bagudo, wajen hantsi, ina zaune ni kaɗai a ofis sai na ji sallamarsa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya biyo motar kasuwa. Tun da na fara aiki bai taɓa taka wurin ba. Na miƙe na durƙusa na gaishe shi, ya laluba kujera ya zauna.

"Malamin Gona, nuna man akwatin."

Na karya dokar Oga, na tada janareto, na cire wa kwamfutar rigar furanni, na kunna. Ya ce in gaya masa garin da nake tambaya, na ce Kandi. Sai ya ce, "Kandi tana ina da mu?"

"Yamma, Baba."

"Ni kuma shekara nawa kana ganina bisa tudu, ina nika dubi?"

"Gabas."

"To. Ruwan ƙasag ga daga gabas yaka taho. In ya gama da mu sannan ya wuce Kandi. Kai ka tahi kana tambayar wanda ab bayanka mi ka tahowa gabanka. Babu wani gari na gabas cikin akwatin?"

Kunya ta rufe ni, ni da kwas ɗina da faifaina. Na ce akwai Yelwa, gabas ce ta ɗan karkata kudu. Ya ce ita ce, hadarin da ya kwana Yawuri shi ke yini a kanmu. Na sauya garin, na buɗo taswira don in nuna masa yadda suke jere. Na sa yatsa na ce, "Ga Yelwa nan, ga gulbi, ga mu nan."

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Nan ko?" Yatsan ya sauka a kan kwalin da na manna a goshin kwamfutar, nesa da taswirar gaba ɗaya. Na dubi idonsa da kyau, abin da na yi shekaru ban yi ba saboda kunya irin ta ɗan fari. Wani farin abu ya lulluɓe ƙwayar duka biyun, kamar an ɗiga nono a ruwa. Nan take na tuna butar Inna, na tuna daminar nan da ya kuskure har sau biyu.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekara ukku. Innarka ma ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru." Ya gyara zama. "Ranar Laraba ban ga komi ba. Gwiwata ta hwaɗa man, da warin iska. Amma gwiwa sai ruwa ya kusa taka magana. Ido shi ka hangen na nesa, shi kuwa ya tahi. Ina hawan tudun nan ne don kar a ce na bari."

Ni da nake ganin na ƙwace masa majalisa da ilimi, ashe makaho na yi wa ƙwace, a gaban jama'a, ina kan babur. Hawaye suka zubo mini, na yi godiya ga Allah da Baba ba ya gani.

"Bari wagga sheshsheƙa, kunnena lahiya lau yake," ya ce. "Ga abin da za mu yi. Kullum ka tambayi akwatinka Yelwa, ka hwaɗa man ni kaɗai. Da asuba ka bi ni tudu, a ce koyo kaka yi, dama kana bukata. Ka hwaɗa man abin da kag gani gabas. Sauran ka bar ma gwiwa."

Haka muka yi. Na daina buga takarda, ba wanda ma ya nema. Kowace asuba ina biye da shi, kafaɗata kusa da hannunsa, mutane na cewa Kwana Uku ya shiga makaranta. A kan tudu zai ce, "Mi kag gani?" In ce gajimare. Ya ce, "Gajimare kawai? Wane iri, jakin banza? Gindinai shimfiɗe ko tsaye? Ja ko toka?" In faɗa, ya haɗa da na Yelwa, ya shaƙi iska, ya murza gwiwa. Wani lokaci ya yarda da injin, wani lokaci ya ce injin bai da hankali, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Sannan mu sauko, ya zauna a dakali, ni in koma gefe can wajen takalma. Kafin damina ta raba, majalisar safe ta cika har ta fi da. Na so in kai shi asibiti a kankare idon, ya ce sai bayan kaka, da kaka ta zo ya ce sai bayan damina, don kada gari ya ji.

Damina huɗu muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki, a zauren gidanmu, Liman ya yi addu'a ya shafa, sannan ya dubi jama'a ya ce abin da ya fi ba shi mamaki da marigayi shi ne har ya koma ga Allah idonsa na sama bai dushe ba, shi da ya ga hadarin da akwatin Turawa ya kasa gani. Kowa ya ce haka ne. Aka juyo ana dubana, a ji ko Kwana Uku zai yi gardama.

Ta ƙofar cikin gida na hango Inna a bayan labule, ta kafe ni da ido, ta ɗan girgiza kai sau ɗaya.

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam. Ni shaida ne, kullum ina tsaye kusa da shi."